Yadda na daina kwana a kan hotunan biki

Bara, sati biyu bayan ƙaramar salla, wata Hajiya a cikin Birni, nan Damagaram, ta aurar da autarta, ni aka ba aikin hoto, kwana uku ana abu ɗaya tun daga sa lalle har ɗaurin aure har kai amarya Sabon Gari. Da na koma shago na zuba katin kamara biyu a kwamfuta sai na ga hoto 1,400 da ƴan kai, kuma duk RAW ne, wajen giga 35, don ita Canon 600D ɗin da nake riƙewa kowane hoto ɗaya da ta ɗauka yana cin mega 25 ko kusa da haka. Na zauna na yi lissafi, in kowane hoto zai ci min minti 2 kacal, in buɗe shi in gyara haske in fitar da shi, to awa 46 ke nan da wani abu, ban sa lokacin salla ba, ban sa cin tuwo ba, ban sa ɗaukewar kuran ba, wato wutar lantarki, ga Hajiya tun washegarin kai amarya ta fara aiko yaro wai dangin ango na Magariya za su koma gida suna son ganin hotuna kafin su hau mota.

Ga wanda bai san harkar ba, RAW ɗanyen hoto ne, abin da idon kamara ya gani haka ta zuba shi a kati ba ta taɓa ba. JPEG kuwa kamar kilishi yake, an riga an shanya an sa labu an gasa, in yaji ya yi yawa sai dai ka ci da haƙuri. A JPEG kowane launi cikin ja da kore da shuɗi mataki 256 gare shi daga duhu zuwa haske, amma ɗanyen hoton 600D mai bit 14 ne, mataki 16,384 ke nan. Wannan ratar ita ce abincinmu mu masu hoto a Damagaram, don ranar ɗaurin aure ƙarfe goma na safe rana ta buɗe, ango ya sha farar shadda mai sheƙi an buga ta ta bugu, fuskarsa kuma baƙa ce ƙarƙashin inuwar hula, in ka bi fuska riga ta ƙone ta zama fari fat ba ka ganin aikin zare ko ɗaya, in ka bi riga fuska ta nutse. Da ɗanyen hoto kana iya sauke hasken rigar ka ɗaga na fuskar, aikin ɗinkin ya dawo mutum kuma ya fito da kamanninsa. Matsalar dai ɗanyen hoto ba ya buɗuwa a yawancin wayoyin mutane, ba a ɗora shi a Facebook, masu wanke hoto ma ba sa karɓa, dole sai ka mai da shi JPEG. Nan ne wahalar take, kuma ba wahalar tunani ba ce, maimaici ne kawai irin na daka.

A wancan bikin ne na fara cewa bari in yi wayo. Lightroom nake aiki da ita, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, tsohuwa, lamba 6, kuma na san akwai maɓallin da mu masu na Faransanci muke gani an rubuta Synchroniser, ka gyara hoto ɗaya ka zaɓi sauran ka danna, duk abin da ka yi wa na farkon ya hau kansu. Na ɗauki hoton ango a ƙofar masallaci na gyara shi ya yi kyau har ni kaina na yi murmushi, na zaɓi duka 1,400, na danna, na sa su fita, na ja shago na tafi na kwanta. Da safe ko dubawa ban yi sosai ba, na leƙa goman farko na ga lafiya lau, na zuba a kile, wato filashin USB, na ba yaron Hajiya.

Bayan la'asar sai ga ta da kanta a bakin shago, ta sauko daga kabu-kabu waya a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a daƙile ta miƙo min wayar ta ce, “Ɗana, leshin nan Kano na aika aka sawo min shi, fari ne sol, ya aka yi a wurinka ya koma ruwan ɗorawa? Ita kuma yarinyar ka mai da min ita kamar wadda ta tashi daga shawara.” Na karɓa na duba, wallahi gumi ya karyo min. Duk hotunan ɗakin lalle sun yi jawur kuma sun yi duhu. Na ce, “Hajiya ki yi haƙuri, kuskurena ne, gobe war haka in sha Allahu za ki ga leshinki.” Ta ce Allah ya kai mu, ta juya.

Abin da ya faru ba wani sihiri ba ne. Hasken rana launinsa daban, ana auna shi wajen 5,500 a ma'aunin Kelvin, ƙwan lantarki mai ja-ja irin na ɗakin da aka yi lallen kuwa bai wuce 2,700 zuwa 3,000 ba. Ni na ɗauki awon rana na ƙaƙaba wa ɗaki, sannan na rage haske saboda shaddar ango, ragin nan ma ya bi su har cikin ɗakin da dama can duhu gare shi. Kwamfuta ba ta yi laifi ba, abin da na ce ta yi shi ta yi. Sa'ar da na ci ita ce gyaran ɗanyen hoto ba ya taɓa asalin hoton, Lightroom tana rubuta abin da ka yi ne a gefe, cikin kundinta ko a wani ɗan ƙaramin fayil mai suna XMP, don haka leshin Hajiya yana nan fari a ciki yana jirana. Da JPEG na ɗauka kuma na danne asalin, to da sai dai in mai da mata kuɗinta.

Tun daga ranar tsarin aikina ya canja, kuma abu na farko ba shi da alaƙa da danna maɓalli ma, tankaɗe da rairaya ne. Cikin 1,400 ɗin nan wanda ya cancanci a ba mai biki bai fi 600 ba, saura wani ya rufe ido, wata tana tauna goro, wani yaro ya gifta, wani kuma sau biyar na ɗauki abu ɗaya. Babu dalilin da zai sa kwamfuta ta sha zafi a kan hoton da ba wanda zai gani. Bayan na tace sai in jera su bisa lokacin da aka ɗauka in raba su kashi-kashi bisa haske, ba bisa mutanen da ke ciki ba: ɗakin lalle kashi ɗaya, ƙofar masallaci cikin rana kashi ɗaya, ƙarƙashin rumfa kashi ɗaya, kuma a kula da rumfar nan don in tamfol ɗin shuɗi ne ko ja to launinsa yana zuba a fuskokin mutane, sai na dare wurin da masu kiɗa suka kunna fitilun nan masu juyawa kore da ja, waɗannan kam Allah ne kaɗai ke shirya su, ɗaya-ɗaya nake binsu ko in mai da wasu baƙi da fari in ce salo ne. A kowane kashi in gyara guda ɗaya da kyau, in zuba wa ƴan uwansa. Kuma lokacin zubawar akwatin da ke buɗowa yana tambayarka me da me za a kwafa, to ina cire alamar yankan hoto da gyaran da aka yi wa wani gurbi na musamman, don inda kan ango yake a wannan hoton wataƙila a na gaba kunnen jaki ne a wurin.

Akwai dai inda kwafar gyaran gurbi take da rana. Lokacin hunturu ƙura ba ta barin kowa, in ka canja gilashin kamara a waje sau ɗaya to ta shiga ta zauna a kan idon, sai ka ga ɗigo baƙi-baƙi a sararin sama a duk hoton da ka tsuke ƙofar haske, kamar f/11 zuwa sama. Na gani da hawan salla, dawakai sun taho ƙofar gidan Sarki ƙura ta tashi hoto ya yi kyau, amma ga ɗigo uku a sama gefen dama, a hoto sama da ɗari. Tunda ƙurar wuri ɗaya take zaune, ka goge ta a hoto ɗaya ka kwafa wa duk waɗanda aka ɗauka a kwance iri ɗaya, sai dai ka bi ka duba kada gogewar ta faɗa kan rawanin wani.

Sai maganar fitarwa, wadda ita ce ainihin inda na'ura take hutar da mutum. Na ajiye tsari uku na sa musu suna, yanzu ba na sake cike komai. Na farko na waya ne, dogon gefen hoto fiksel 2,048, ingancin JPEG 80, da sunan shagona ɗan ƙarami a kusurwa, wannan shi ake watsawa a Facebook da WhatsApp, bai da nauyi, ba ya cinye wa mutum megan da ya saya da ɗari biyar ɗinsa. Na biyu na wanki ne, cikakken girma, 5,184 a 3,456 yadda kamarar ta ɗauka, inganci 90 ko sama, ba tambari. Na uku na ajiyata ne. Dukansu tsarin launin da ake kira sRGB nake sa musu, kuma wannan ma da tsiya na koya, akwai lokacin da na ji ana ta yabon Adobe RGB wai ya fi faɗin launi, na sa shi, na kai wanki wani wuri a nan cikin gari, hotuna suka fito fayau kamar atamfar da ta sha wanki goma, jan ya mutu koren ya mutu, na tsaya ina musu da mai injin alhali injinsa sRGB yake tsammani, ni na kai masa abin da bai tambaya ba. Hoto 200 na sake biya daga aljihuna.

Girman takarda ma yana da tarko. Kamarar tana ɗauka ne 3 bisa 2, wanda ya yi daidai da takarda mai santimita 10 a 15 da 20 a 30, ba abin da zai yanku. Amma 13 a 18 ba haka awonta yake ba, in ka bar injin ya cika takardar da kansa zai datse gefe, a hoton tsaye kuwa gefen nan saman kai ne ko ƙafa, shi ya sa za ka shiga ɗakin mutum ka ga hotonsa a bango hula rabi. In an ce min 13 a 18 ake so, waɗannan da hannuna nake yanka su kafin su shiga layi.

Sai suna. Canon tana lissafa hotunanta daga 0001 zuwa 9999 ta koma farko, in kuna da kamara biyu a biki ɗaya ba abin mamaki ba ne a sami hotuna biyu masu lamba ɗaya, ka zuba su jaka ɗaya wani ya hau kan wani. Yanzu tsarin fitarwar da kansa yake raɗa musu suna, shekara da wata da rana sannan lamba a jere. Kuma kafin mu fita aiki ni da yaron shagona sai mun daidaita agogon kamarorinmu har daƙiƙa, don in tasa tana gaba da minti 20 to jerin zai nuna ana raba goro da dabino tun liman bai iso ba.

Yaron nan ne ma ya jawo min babi na gaba. Yayansa ya aiko masa da Canon M50 daga Agadas, ya zo yana ta rawar kai, “Maigida, wannan ta fi taka sauri wallahi.” Muka yi wani suna da ita a Zango, na zuba katin, Lightroom ɗina ta ce ba ta san wannan ba. Ashe M50 ɗin ita ce ta fara zuwa da sabon nau'in fayil CR3 a 2018, ita kuwa Lightroom 6 gyaranta na ƙarshe ya fito ne a ƙarshen 2017, daga nan sai ta biyan kuɗi wata-wata, kuma biyan nan da katin banki ake yi ta intanet, ni kuwa cinikina na hannu da hannu ne, wani wata akwai biki wani wata, musamman da azumi, sai ƴan hoton katin ɗan ƙasa. Mafitar da na samu ita ce Adobe DNG Converter, kyauta ce, ka nuna mata jakar da hotunan suke ka nuna mata inda za ta zuba, ta mai da su duka DNG, wani nau'in ɗanyen hoto na Adobe, a tafi ɗaya, tsohuwar Lightroom ta karɓa ba gardama. Sai dai aiki ya zama hawa biyu kuma wurin ajiya ya ninka. Ita ma Canon tana da tata manhajar kyauta, Digital Photo Professional, tana fitar da hotuna da yawa a tare kuma launin fata yana fita da kyau a cikinta, amma a tsohuwar kwamfutata tafiyar hawainiya take yi.

Wanda ya nuna min RawTherapee, wata manhajar gyaran ɗanyen hoto, ɗan yayata ne da ke karatu a jami'ar André Salifou. Ya zo shago cajin waya ya tarar da ni na haɗa kai da gwiwa, kuran ya ɗauke a tsakiyar fitarwa, batirin kwamfutar dama minti 15 yake riƙewa, ban san wanne ya fita wanne bai fita ba. Ya ce, “Kawu, akwai wadda ba a biya, kuma ba sai ka buɗe ta ba ma take aiki.” Na ce kai dai da surutu. Ya sauke min ita da megansa. Da farko ban so ta ba, maɓallai sun yi yawa kamar gaban jirgin sama, sai da na yi sati biyu kafin hannuna ya faɗa. Ita ma ba ta taɓa asalin hoto, tana rubuta gyaranka a ɗan fayil mai ƙarewa da pp3 kusa da kowane hoto, kuma tana da kwafa da liƙa gyara ga hotuna da yawa kamar dai waccan. Abin da ya bambanta ta a wurina shi ne tana zuwa da wata ƙanwarta marar fuska, wadda da rubutu ake ba ta umarni. Ya buɗe Bloc-notes, ɗan allon rubutun kwamfuta, ya rubuta min layi ɗaya, ya ajiye shi da suna mai ƙarewa da bat a fuskar kwamfuta, kusan haka yake:

rawtherapee-cli -o D:\waya -S -p karami.pp3 -j80 -c D:\biki

Ya zauna ya fassara min kamar mai koyar da ɗan aji ɗaya. Harafin o yana nuna inda za a zuba, babban S yana cewa a bi gyaran da na yi wa kowane hoto, wanda ban taɓa ba kuma a tsallake shi, p yana ɗora wani ƙaramin tsari a sama wanda ba komai cikinsa sai rage girma zuwa 2,048, j80 ingancin JPEG ne, c kuma jakar ɗanyun hotunan, ita ce dole ta zo ƙarshe. Ya ƙara layi na biyu a ƙasa na wanki, ba ragin girma, j92, zuwa wata jakar. Danna biyu kawai, baƙin allo ya buɗe, rubutu ya riƙa gudu, hotuna suna faɗawa jaka ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sa na riƙe wannan hanyar shi ne halinta da ɗaukewar wuta. Akwai harafin babban Y da in ka sa shi take danne duk hoton da ta tarar, shi kuwa da gangan ya ƙi sa min shi, don haka in kuran ya ɗauke a hoto na 340, ya dawo ƙarfe biyun dare ko da asuba, in sake dannawa sai ta bi ta ga waɗanda suka riga suka fita ta tsallake su ta ci gaba daga inda ta tsaya. Abu ɗaya nake yi, in duba hoton ƙarshe da ta rubuta kafin mutuwar, don wani lokaci rabi ne ya fita ƙasansa toka-toka, in goge shi ta sake yi. Wanda yake zaune inda wuta ba ta ƙiftawa ba zai gane daɗin wannan ba. Da bazara kuma, watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura 40, ba na ma sa ta aiki da rana, fankar cikinta tana kuka kamar injin markaɗe kuma tana iya kashe kanta, sai bayan isha'i in ɗora ta kan bulo biyu iska ta shiga ta ƙasa, in juya mata fankar shago, in danna in tafi.

Na san akwai masu yi da Photoshop, tana da abin da a Faransanci aka rubuta Processeur d'images da kuma Traitement par lots, har kana iya naɗar duk motsin da ka yi ta maimaita shi a kan jaka guda, wani abokin sana'ata a kusa da kasuwar Dole da shi yake jera hotunan katin ɗan ƙasa takwas-takwas a takarda ɗaya kuma yana yi masa aiki sosai. Akwai darktable ma, ita ma kyauta, ita ma tana karɓar umarnin rubutu. Na gwada ta kwana uku na bari, ba don ta gaza ba, kaina ne ba zai ɗauki biyu ba.

Abu ɗaya na ƙi sa wa cikin layin nan duk da ana roƙona, shi ne haska fata. Ƴan mata da yawa in sun zo karɓar hoto sai ka ji, “Mai hoto, don Allah a ɗan haska ni,” kuma da sauƙi ne in ƙara wannan a tsarin ya hau kan kowa da kowa. To amma a hoton taro amarya tana tsaye ga kakarta ga ƙanen babanta da ya zo daga Tanut rana ta gasa shi, in na zuba musu haske ɗaya tsohon zai fito toka-toka kamar wanda ya kwana a murhu. Wadda ta matsa, nata guda biyu ko uku nake buɗewa in yi da hannu, daidai misali, kuma jika ɗaya nake ƙara mata, wasu su biya wasu su ce a bar shi haka.

Hajiya kuwa ta sami leshinta fari washegari kamar yadda na ce, dangin Magariya dai sun riga sun wuce, ta WhatsApp aka bi su da shi. Watan jiya ta aiko yaron nan dai, autar ta haihu, namiji, suna ranar Alhamis, kuma wai in gaya wa yarona kada ya sake tsayawa gaban mai wanzanci kamar yadda ya yi a sunan maƙwabtansu. Hoto 380 muka ɗauka, na tace 170, kashi huɗu na haske, na danna bayan isha'i, kuran ya ɗauke sau ɗaya, kafin a kira assalatu jaka biyun sun cika.